Bindigar Baba a Hannun Habu

Ɗakin da na fara zama a Landan yana saman shagon wani mai ɗinkin labule ne a Whitechapel. Dillalin da ya kai ni ya rantse mini cewa ta taga ana hango kogi. Ƙarya yake yi, bango ake hangowa, baƙi ƙirin, da wani bututu mai ɗigar ruwa. Ban damu ba, don a ganina ba zama ya kawo ni ba. Shari'a zan karanta in koma gida, in zama lauya na farko a garinmu.

Sunana Sani. Mahaifina shi ne Sarkin Baka a garinmu, can bakin daji a ƙasar Bauchi, wato shugaban maharba. Yana da wata bindiga adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda 'yan birni ke yi wa ba'a da harba-ka-ruga. Shi kuwa Tsohuwa yake kiranta, don ta kakansa ce. Tana da hali. Ita ce ta taɓa yin tofi ta baya ta cinye idon Baffa, ƙanen Baba, tun kafin a haife ni. Duk da haka ba abin da nake so a duniya kamarta. Amma da zarar na miƙa hannu, ko da goge ta zan yi, sai in ji tsawa daga bayana.

"Ajiye! Hannunka na alƙalami ne."

Har na bar gida ban taɓa jan kunamarta ba. Abin da ya sa ban riƙe shi a zuci ba shi ne Habu ma bai taɓa ba. Habu ɗan riƙo ne a gidanmu, ɗan wani abokin farautar Baba da ya rasu. Na girme shi kaɗan. Tabarma ɗaya muka kwana a kai, kwancen rigunana ya sa, shi ke ɗaukar mini akwati in za ni makarantar kwana. Yaro ne shiru-shiru, ba ya ɗaga ido ya dube ni, Yaya Sani yake kirana.

Kwalejin da ta kira ni Landan ta aiko mini da hoton wani katafaren gini mai ginshiƙai. Da na je, ɗaki biyu na tarar a saman shagon 'yan caca, da malami ɗaya mai jan hanci da ke koyar da komai. Muna ta zuwa muna ta rubutu, ni da waɗansu 'yan Indiya da mutanen Gana. Wata safiya muka tarar da ƙofa a garƙame da kwaɗo. Muka tsaya a bakin titi cikin yayyafi muna kallon juna, kowa da jakarsa. Shanun da Baba ya sayar don karatuna sun tafi ke nan. Ban sanar da gida ba. Da wane baki?

Daga nan na gangara Deptford, inda haya ta fi sauƙi. Na samu aiki a wani ɗakin sanyi inda ake ajiye nama, ina saɓa cinyar sa a kafaɗa daga mota zuwa ƙugiya. Yatsuna suka farfashe, hannun alƙalamin nan na Baba. A kasuwar Deptford ne wata rana na ɗaga wata busasshiyar doya, mai kaya ya faɗi kuɗinta, na ja tsaki na ce, "Kai, Allah ya tsine wa wannan gari!" Sai na ji dariya a bayana.

"To, in an tsine masa, mu da ke ciki ina za mu?"

Na waiwaya, ga wata mata gajera cikin kwat mai kauri. Rifkatu ke nan, mutuniyar ƙasar Jos, nas ce a asibitin Whitechapel. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ƙanena, yaushe rabonka da tuwo?" Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Tana da daddawa da kuka a cikin gwangwanin biskit, tana tsimin su kamar magani, amma ranar ta zuba mini ba ƙyashi. Ita ta nemo mini ɗaki a saman nata ɗakin, ita ta nuna mini yadda zan shiga ajin yamma na gaskiya a Aldwych. Ranar Lahadi in ta dawo daga coci takan ƙwanƙwasa silin da sandar tsintsiya, alamar in sauko in ci abinci.

A lokacin, tsofaffinmu da ba sa rubutu kaset suke aikowa. A zaunar da tsoho gaban rakoda ya yi ta magana, a ba wani matafiyi ya kawo. Ni ba ni da rakoda, a ɗakin Rifkatu nake ji. Wani kaset ya zo ta hannun wani ɗan kasuwa, muka saka. Bayan gaishe-gaishe sai na ji muryar Baba ta canza. Ya ce tun bayan yaƙin basasa 'yan fashi sun yi yawa, hukuma ta tsananta dokar bindiga, 'yan sanda sun zo gari sun bi gida gida. Sun tattara adakar maharba da ta manoma, sun watsa a bayan mota. Sun tafi da Tsohuwa. Ya ce an jibge su a wani sito a ofishin 'yan sanda, inda rufin ke yoyo. Ya ce birai sun cinye masara, gyadon daji ya tone rogo, Sarkin Baka yana zaune yana kallo.

"Sani," in ji shi, "an ce mini dokar nan daga wajen Turawa aka gaje ta. Tun da kana can inda aka haife ta, ka karanto ta tun daga tushe. Ka zo ka karɓo mini Tsohuwa."

Tun daga ranar karatuna ya samu alƙibla. In na tashi daga wajen nama sai in shiga bas zuwa Aldwych, ina warin kitse, mutane na matsawa gefe. Na bi dokokin bindiga ɗaya bayan ɗaya, na can da na gida, har na fi saninsu a kan abin da za a tambaye ni a jarrabawa. Shi ya sa ma na faɗi, na sake, na kuma faɗi. Ban karaya ba, domin akwai ranar da nake gani a idona kullum. Ina gani na sauka a tasha da Tsohuwa a kafaɗa, makaɗan maharba a gaba, Baba ya fito zaure. Ranar kuwa ba wanda zai ce mini ajiye.

Ga shi lokacin kuɗin man fetur ne. Mutanenmu suna ta kwararowa Landan, manyan riguna a ƙarƙashin kwat, suna cika tasi da kaya har direba ba ya ganin baya. Ɗaliban da gwamnati ta turo suna sayen rediyo mai manyan lasifiku, suna zuwa hutu gida duk shekara. In muka haɗu a masallacin Whitechapel ranar Juma'a sai su ce, "Malam Sani, har yanzu ana nan?" In ce ana nan. Ina baƙin cikinsu, ba zan ɓoye ba, amma baƙin ciki ne na sama-sama, irin wanda ke wucewa in mutum ya ci ya ƙoshi.

Na Habu ne bai wuce ba.

Labarinsa ya riƙa zuwa guntu-guntu. An ce ya zama malamin firamare, na ce madalla. An ce ya shiga siyasa da soja suka ce za su miƙa mulki, na yi dariya. Habu? Habun da in baƙo ya yi sallama sai ya ɓuya bayan rumbu? Sai aka ce ai magana ɗaya yake yawo da ita ƙauye ƙauye, cewa in ya je majalisa zai kai ƙudurin soke dokar bindiga. Maharba da manoma suka bi shi ɗuu. Ya ci zaɓe. Ranar da na ji ina cikin ɗakin sanyi, amma sai da na yi gumi. Ni na sha sanyin, ni na haddace dokar, shi kuma zai je ya ɗaga hannu kawai a Legas a tafa masa.

Ba a daɗe ba, bayan sallar Juma'a wani ya ja ni gefe ya ce Onarabul Habu ya zo Landan, yana nemana. Wai kwamitinsu ya zo ganin yadda Turawa ke tafiyar da sha'anin bindiga, sun sauka a wani otal kusa da Aldwych. Otal ɗin da nake wucewa ta gabansa kullum, ban taɓa tunanin ƙofarsa na buɗuwa ga irina ba.

Na same shi cikin shadda ruwan toka, ya yi ƙiba, ya naɗe wuya da mayafin ulu. Yana ganina ya taso da sauri, ya rusuna har ƙasa a gaban Turawa da abokan tafiyarsa.

"Yaya Sani! Ya na same ka? Ya sanyi?"

Da ya yi mini girman kai da na ji daɗi, da na samu abin riƙewa. Wannan ladabin nasa shi ya fi ƙona mini rai. Sai dai na lura da abu ɗaya. In ina magana sai ya karkato da kai, ya ba ni gefen hagu, ya ce, "Na'am?" Na ce a raina, to, ga shi nan, an fara koyon sauraro irin na manya.

Ya ce shi abincin otal ya ishe shi. Ranar Lahadi ya baro direba, ya biyo ni a jirgin ƙasa har Deptford. Rifkatu ta tuƙa tuwo. Ya ci har yana suɗe hannu, ya yi ta kiranta Yaya, nan da nan suka saba, wannan ma ya ba ni haushi. Sannan ya ciro kaset daga aljihu ya ce saƙon Baba ne.

Muryar ta tsufa. Ya gaishe ni, ya sa mini albarka. Sai ya ce, "Ga ɗana Habu nan. Allah ya ɗaga shi, shi zai kai kukanmu Legas, shi zai karɓo mini Tsohuwa. Kai kuma ka taimaka masa da ɗan abin da ka karanta. Ka riƙe masa jaka, kada Turawa su ruɗe shi."

Ɗan abin da na karanta. In riƙe masa jaka. Na tsame hannuna daga tuwon. Habu ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen faranti, Rifkatu ta miƙa hannu ta kashe rakoda.

"Onarabul," in ji ta, "wai da gaske dokar gaba ɗaya za ku soke?"

Ya ce haka manyan kwamiti suke so. Ya ce doka ce da aka yi don ɗan fashi mai bindigar yaƙi, amma ɗan fashi bai taɓa kai tasa ofishin 'yan sanda ba. Manomi da maharbi, masu tsoron hukuma, su aka kwashe wa.

"Ni na yi aikin asibiti lokacin yaƙi," ta ce. "Na wanke abin da bindiga ke bari. Kowa ka tambaya tasa ta biri ce. Ranar da aka yi faɗan gona ko na kasuwa, ba biri ake kawo mana ba."

"Yaya, adaka ce fa. Kafin ka sake ɗura ta, fushin ya huce."

"To manyan naku adaka suka zo saye? Wata abokiyar aikina ta gan su jiya a shagon bindigogi, suna gwada masu baki biyu kamar masu zaɓen takalmi."

Habu ya gyaɗa kai, don gaskiya ta faɗa. Ni kuma bakina ya ƙi rufuwa. Na ce ba sai an rushe dokar duka ba, in aka nemi haka ma ba za ta wuce ba. A cire bindigar da ake ɗurawa ta baki daga cikinta, a mayar da izininta hannun hakimai da sarakunan baka da suka san kowa, a bar ta Turawa da ta yaƙi inda suke. Na faɗa ne don ya san akwai bambanci tsakanina da shi. Sai ya karkato da kunnen nan nasa, idonsa ya yi haske.

"Wallahi Yaya, haka za a yi. Ka rubuta mini shi yadda ka faɗa."

Ka ji fa. In rubuta, ya karanta, a kira shi ƙudurin Habu. Na ce to. Da ya tafi Rifkatu ta dube ni ta ce, "Ƙanena, fuskarka kamar an aiko maka da rasuwa." Na ce mata kaina ne ke ciwo.

Kafin su koma, masu masaukinsu suka gayyace su wani fili a bayan gari, inda Turawa ke wasan harbi. Wani inji ne ke cilla ɗan faranti na yumɓu sama, kai kuma ka harbe shi kafin ya faɗo. Habu ya ce lallai in zo. Na nemi hutu a wajen aiki na bi su, kuma ba don zumunci ba. Na san Habu bai taɓa riƙe bindiga ba. So nake in ga mai kawo ƙudurin bindiga yana rawar hannu a gaban Turawa.

Safiya ce mai hazo, ciyawa jiƙe, manyan riguna suna jan laka. Mai koyarwar wani dattijon Bature ne mai jan gashin baki. Ya nuna mana yadda suke yi: ka danna gindin bindiga cikin kafaɗa sosai, ka kwantar da kuncinka a kan katakon, ka bi farantin da ido. Manyan kwamiti suka yi ta ɓarin wuta a iska, ana tafa musu don kara. Sai aka zo kan Habu. Na gyara tsayuwa.

Ya karɓi bindigar ya auna nauyinta a tafin hannu. Ya yi bisimilla a hankali. Ya lashi babban yatsansa ya shafa a bakin ƙarfen. Ya jefa ƙafar hagu gaba, ya ɗan durƙusa. Bai kai ta kafaɗa ba, sai ya miƙar da hannuwa ya nisanta ta da jikinsa. Faranti ya tashi, ya bi shi, kuma daidai lokacin da zai ja kunama sai ya kawar da fuskarsa gefe.

Bindigar ta yi ƙara ta zabura baya ta doke shi a damtse, saura kaɗan ta kuɓuce. Faranti ya sauka lafiya lau a cikin ciyawa. Baturen ya rugo yana ihu yana cewa wa ya taɓa harbi yana kallon wani wuri? Turawa suka yi ta dariya a cikin hankici, manyanmu suka bushe da tasu a fili. Ga abin da na zo gani ya faru, har ya fi yadda na roƙa.

Ni kaɗai ban yi dariya ba. Duk wanda ya tashi a gidan maharba ya san wannan tsayuwar. Adaka ba a haɗa fuska da ita, don ba ka san ranar da za ta yi tofi ta baya ba. Sai ka daidaita, ka nisanta ta, ka ba ta ƙeya. Amma lasar yatsan nan, da ɗan durƙuson nan, ba na kowane maharbi ba ne. Na Baba ne shi kaɗai. Na sha laɓewa a bayan kuka ina kallonsa yana yi. Yau ga shi a jikin Habu, a wani fili a ƙasar Turawa, bai bar ko ɗaya ba.

Aka miƙo mini bindigar. Na yi yadda Baturen ya ce, kafaɗa da kunci, na harba karo na farko a rayuwata. Ban sami komai ba. Baturen ya dafa ni ya ce tsayuwata ta yi kyau ƙwarai, na fi kowa. Na ji kamar in kwaɗa masa mari.

Da aka shiga rumfa shan shayi na ja Habu bayan wani shinge.

"Yaushe ya koya maka?"

"Na'am?" Ya karkato.

"Kada ka yi mini na'am! Yaushe Baba ya ba ka Tsohuwa?"

"Daminar da ka tafi."

Daminar da na tafi! Ashe jira ake in ba da baya. Na fashe. Na ce masa ina nan ina dakon gawar shanu, yatsuna na tsagewa, shi yana can yana shiga daji da ubana. Na ce ya sa rigunana, ya ci a kwanona, yanzu ya haɗa da bindigar da gadona ce, da kujerar majalisa, da sunan ɗa a bakin Baba. Na ce me ya rage kuma, Onarabul, in cire in ba ka? Na faɗi maganganu da yawa, har da waɗanda ba a faɗa wa maraya.

Ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya warware mayafin wuyansa ya juya mini gefen dama. Daga ƙasan kunne har cikin riga fatar ta tattare, da ɗigo-ɗigon baƙi da suka shige cikin nama. Albarushi ne. Irinsa ne a fuskar Baffa.

"Wannan kunnen ya mutu, Yaya," ya ce. "Shekara ta biyu da na fara riƙe ta, ta yi tofi. Ba don na kawar da kai ba da ido ne. Baba ya goyo ni daga daji har gida, yana kuka, wallahi yana kuka. Ya kwantar da ni a zaure, Inna ta fito tana salati. Sun zaci na suma. Sai na ji ya ce mata, alhamdu lillahi da ba Sani ba ne."

Ya mayar da mayafin yana naɗawa a hankali.

"Da kunnen da ya rage na ji. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Yana sona, ban ce ba ya sona ba. Amma ya san halin Tsohuwa sarai. Ya duba gidan ya ga wanda zai iya bayarwa da wanda ba zai iya ba. Hotonka na nan a ɗakinsa, wanda ka ɗauka cikin kwat, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Ni so nake in kai masa ita da hannuna, ko sau ɗaya ya dube ni yadda yake duban hoton nan. Kai kake ƙyashina? Haba Yaya."

Aka kira shi daga rumfa, Onarabul, shayi zai huce. Ya tafi ya bar ni a tsaye, takalmina ya jiƙe sharkaf.

Na rubuta masa ƙudurin, na kai masa otal ranar da za su tashi. Ya karanta shi a majalisa, aka yi ta gardama. Masu son a soke dokar duka suka ce ya yi kaɗan, masu ra'ayin Rifkatu suka ce ya yi yawa. Aka tura shi kwamiti, ya kwanta a can, bai sake tashi ba. Dokar tana nan yadda take. Amma Habu bai haƙura ba. Ya yi ta sintiri ofis ofis har ya samo lasin na bindiga ɗaya tak, aka tono Tsohuwa daga ƙarƙashin tarin tsatsa, maƙeri ya wanke ta.

Ina Deptford ina shirin sake jarrabawa kaset ya iso. Muka saka ni da Rifkatu. Ga kiɗan maharba, ga guɗa, ga hayaniyar gari duka. Ana ta kirari, ana kiran sunan Habu. Sai aka yi tsit. Sai Tsohuwa ta yi magana, ƙarar nan tata mai kauri da na sani tun ina goye. Rifkatu ta zabura ta dafe ƙirji. Can sai ga muryar Baba kusa da rakoda, yana haki don murna.

"Sani, ka ji ta? Ta dawo. Kai dai ka yi ta karatu."

Na san abin da Habu ya gaya mini gaskiya ne. Na san wanne ne aka fi so a cikinmu. Amma da na mayar da kaset ɗin baya na sake jin ƙarar, abin da zuciyata ta ce shi ne da ma ni ne Habu, ko da zan rasa kunnen, ko da idon. Rifkatu ta ce ba ni da hankali. Na ce na sani, na sake mayar da shi baya.

Daga baya na ci jarrabawar, na dawo gida lauya. Baba ya rasu, Tsohuwa ta faɗo a rabona, tana rataye a ɗakina yanzu. Ban iya ɗura ta ba, kuma girma ya hana ni tambaya. In maharba za su yi bikinsu na shekara, ɗan Habu ne ke zuwa ya rusuna ya ce, "Baba, an aiko ni ɗaukar Tsohuwa." In sauko masa da ita. In tsaya a ƙofar gida ina kallonsa yana tafiya da ita a kafaɗa, kuma har gobe sai na ji ƙyashin nan ya taso mini.

Bara, da ya dawo da ita ya jingine a zaure, na shigo na tarar da autana ya tsuguna a gabanta, ya miƙa hannu zai shafa. Ban san lokacin da tsawar ta fito daga bakina ba.

"Ajiye!"

Ya janye hannun. Ya dube ni, ya dubi ɗan Habu da ke ɗaura takalmi a bakin ƙofa. Na san kallon nan, nawa ne.